Kawu da Farfelar da Ban Auna Ba

Ni ne mai laifi, ba Kawu ba. Da wannan nake so in fara, domin ko mutum ya gaji ya ajiye takardar nan bayan layin farko, ya tafi da gaskiya a hannunsa. Ni ba marubuci ba ne. Karatuna bai wuce makarantar koyon sana'a ba, kuma hannuna ya fi sabawa da sifana a kan biro. Amma akwai maganar da ta daɗe tana yawo a kan mutumin nan, kuma ni kaɗai nake iya kashe ta.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, a gidansa da ke Tudun Wadar Zariya, aka sallace shi bayan azahar. Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi daga zaure har bakin titi, masu keke da 'yan acaɓa suna ratsewa ta layin baya.

Kowa ya zo da labarinsa. Limamin unguwa ya ce tun da Kawu ya ajiye aiki ba a sake jin fankar masallaci tana kaɗa kai ba, domin da zarar ya ji ta canza kuka, ana sallame salla zai aika a kawo tsani. Mai naman bakin kasuwa ya ce sun taɓa yin wata biyu ba sa magana, saboda Kawu ya ce sikelinsa na ƙarya. Daga baya Kawu ya zo da kayan aiki ya kwance sikelin, sai aka ga ashe mai naman ne sikelin yake cuta, ba masu saye ba. Maƙwabcinsa Ibo, mai sayar da kayan gyaran mota, ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma yana share ido da gefen riga. Shekara da shekaru Kawu yana tsokanarsa cewa kayansa duk jabu ne, shi kuma yana kiransa Baba Farfela. Abin da ya yi ta maimaitawa ke nan: yanzu wa zai zage shi da safe?

Ana cikin haka Kyaftin ya iso daga Hanwa. Tsohon matuƙin jirgi ne, a da kuma babban aminin Kawu, kafin abin da zan faɗa ya shiga tsakaninsu. Ya sauko daga mota da sanda, yana jan ƙafar hagu. Aka yi masa wuri, ya yi addu'a, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Allah ya jiƙansa. Abin da ya faru tsakanina da shi, ku shaida na yafe masa, duniya da lahira."

Aka yi ta sa masa albarka. Wani dattijo a bayana ya ce a hankali, ai mutum ya yi shekara talatin yana gyaran jirage, in an same shi da kuskure ɗaya ba abin mamaki ba ne. Ni kuwa ina zaune da buta a gabana, na rasa inda zan sa idona. An yafe wa mamaci laifin da bai yi ba, mai laifin yana nan da ransa yana amsa gaisuwa.

Kawu makanikin ƙananan jirage ne, irin masu ɗaukar mutum biyu ko huɗu. A wani ƙaramin fili a bayan gari yake aiki, inda wasu masu sha'awar tuƙi suke ajiye jiragensu a rumfa ɗaya. Shi ke da lasisi. In bai sa hannu a takarda ba, jirgi ba ya tashi. Da mahaifina ya rasu, shi ya ɗauke ni ya sa ni a bayansa, na yi shekara goma sha ɗaya ina aiki a ƙarƙashinsa. Lokacin da abin ya faru ni ba yaro ba ne, ina da mata da 'ya'ya biyu. Na faɗi haka ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir a bayan kunne, har ranar Idi. Ba ya tafiya da sauri, ba ya cin abinci a tsaye. Tambaya ɗaya gare shi da duk wanda ya zauna da shi ya sani: "Ka auna?" In ka ce masa taya ta yi iska, ka auna? In ka ce mai ya isa, ka auna? In Inna, matarsa, ta ce gishirin miya ya yi daidai, sai ya ɗaga kai daga kwano ya ce, kin auna? Ita kuma ta ce masa da harshenta ta auna, in bai yarda ba ya kawo sikelin jirgi. Ba faɗa yake yi da tambayar ba. Wanda ya ɗauka mutum shi yake yi wa ita. Wanda ya raina, sai dai ya ce masa to, ya wuce.

Jirgin Kyaftin mai kujera biyu ne, farfelarsa ta katako. Wata rana Kawu yana ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, kamar yadda yake yi kowace safiya, ya ji sautin ya canza. Ya duba ya ga ta tsage kusa da gindi. Dole a sake wata. Nan magana ta tashi.

Iri uku ke gabanmu. Akwai ta katako irin wadda ta lalace. Akwai ta ƙarfe, wato ta alminiyam, mai hannu biyu. Akwai kuma wata sabuwar fita ta faiba mai hannu uku, mara nauyi, wadda ake iya juya hannuwanta a ƙasa a daidaita su. Wannan ta ukun Kawu ya yaba mata, amma ya ce bai ga takardar da ta halatta ta ga irin injin nan ba, don haka a bar maganarta. Saura biyu.

Har yanzu ina iya ganinsa zaune a kan garwar mai da aka kife, yana yi mana bayani ni da Kyaftin. Ya ce ƙaramin jirgi giya ɗaya gare shi, ita ce farfela. Wadda hannunta yake gutsurar iska kaɗan-kaɗan tana fizgar jirgi daga ƙasa da wuri, tana hawa da ƙarfi, amma in an kai sama ba ta da gudu. Wadda take cizon iska da yawa tana gudu a sama, tana rage shan mai, amma wajen tashi kasala gare ta, kamar ka tayar da babur a giya ta huɗu. Ta ƙarfen da aka kawo mana samfurinta irin wannan ce. Ya ce titinmu gajere ne, a ƙarshensa gona ce da bishiyoyin ɗorawa, kuma in bazara ta yi zafi iskar Zariya ba ta da jiki, farfela tana ciza ba ta samun abin kamawa.

Bai ɓoye aibin katako ba. Ya ce ruwan sama yana cin bakinta, kuma duk sauyin yanayi sai an sake duba notinanta, domin katako yana kumbura da damina ya tsuke da rani. Ta ƙarfe ba ruwanta da wannan, ga ƙarko. Amma ta katako ba ta da nauyi, ba ta jijjiga inji, kuma in ta bugi ƙasa ita ce take farfashewa ta bar injin lafiya. Ta ƙarfe ta ninka ta nauyi har da ɗori, kuma nauyin a can bakin hanci yake zama.

Na ce masa bambancin bai kai nauyin jakar da Kyaftin yake jefawa bayan kujera ba. Kawu ya tashi daga kan garwar. Ya miƙo mini babbar guduma ya ce in rungume ta a ƙirji. Na rungume. Ya ce to in miƙe hannu in riƙe ta can nesa. Ban daɗe ba hannuna ya fara rawa.

"Gudumar ba ta ƙara nauyi ba," in ji shi. "Wurin zamanta ne ya canza."

Kyaftin ya yi dariya har da buga cinya. Dariyar nan ta tsaya mini a rai.

Washegari da yamma na hau acaɓa na tafi Hanwa ban faɗa wa kowa ba. Na san Kyaftin yana son gudu, domin yakan yi tafiya mai nisa zuwa gonarsa. Na ce masa Kawu mutumin kirki ne amma zamani ya wuce shi. Na ce kakana, mahaifin Kawu, kafinta ne, shi ya sa Kawu ba ya ganin komai sai katako. Na ce duk jiragen zamani ƙarfe suke sawa. Da bakina na faɗi wannan, a kan mutumin da ya koya mini riƙon sifana.

Kyaftin ya zaɓi ta ƙarfe. Kawu bai yi fushi ba. Ya ce jirgin na mai shi ne, kuma farfelar halal ce ga injin. Sharaɗi ɗaya ya kafa: in an ɗaura ta, sai an sake auna jirgin gaba ɗaya, a ga inda nauyinsa ya koma. In hanci ya rinjaya, a mayar da batir baya ko a ɗaura dalma a wutsiya, a kuma rubuta wa Kyaftin sabon lissafin abin da zai iya ɗauka.

Ranar da farfelar ta iso ta zo daidai da sunan jikan Kawu na fari. Ya bar mini aikin ya tafi. Na ɗaura ta, kuma na ɗaura ta da kyau, wannan kam ba na shakka. Saura awo. Aikin rabin yini ne: a tsiyaye mai, a rufe ƙofofin rumfa don kada iska ta taɓa, a daidaita jirgi, a tura kowace taya kan sikelinta. Sikelin uku suna jingine a bango ina kallonsu.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa zafi ne da gajiya suka hana ni. Ƙarya ne. Tsoro nake ji sikeli ya goyi bayan Kawu. Na ɗauko tsohuwar takarda, na kwafi lambobin, na ɗan ƙara wani abu daga kaina don kada su zama iri ɗaya.

Da safe ya shigo da ƙullin naman suna ya miƙa mini. Ya zagaya farfelar, ya taɓa notinan ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai.

"Ka auna?"

"Na auna, Kawu."

"Me ya nuna?"

"Bambancin ba shi da yawa."

Ya ɗauki takardar ya daɗe yana dubawa, ya zaro fensir ya mayar. Sannan ya yi ɗan murmushi ya ce, "To, ashe ni ne na tsufa." Ya sa hannu.

Bayan kwana biyu Kyaftin ya zo bayan azahar, rana tana tsaka da dukan ƙasa. Ya cika tanki, ya ɗauki ƙanensa, mutum mai jiki, domin takardar ta nuna masa yana da sarari. Ina tsaye a bakin rumfa. Jirgin ya yi ta gudu a kan titi, ya wuce inda ya saba ɗagawa, ya wuce tutar iska, hancin ya ƙi tashi. Kyaftin ya yanke wuta ya taka birki, amma titi ya ƙare. Ya faɗa cikin kunyoyin gona, tayar gaba ta karye, ya kife da hanci. Ƙanen ya fito lafiya. Kyaftin ya karye a idon sawu, karayar da har yau yake ja. Farfelar ta lanƙwashe kamar ludayi, ta tafi da injin.

Zafi ya taimaka, kaya sun taimaka, irin farfelar ma ta taimaka. Amma da na auna, da an sa dalma, da Kyaftin ya ga lissafin gaskiya ya rage mai ko ya jira la'asar. Wannan na sani, ba sai an faɗa mini ba.

Masu bincike suka zo suka yi nasu lissafi, suka ga lambobin takarda ba su yi kama da jirgin ba. Suka kira Kawu ofis. Ina tsaye a bayan ƙofa, ina jin komai. Suka tambaye shi wa ya yi awon.

"Sa hannun nan nawa ne," in ji shi. "Wanda ya sa hannu, shi ya auna."

Suka tambaye shi mataimakinsa fa? Ya ce mataimakinsa abin da aka sa shi yake yi. Ƙofar nan ba a kulle take ba. Tura ta kawai zan yi. Ban tura ba.

Aka karɓe lasisinsa. Ya kwashe kayan aikinsa a keke ɗaya, ya roƙi a bar masa tsohuwar farfelar katakon da ta tsage, ya kawo ta gida ya rataye a zaure. Kyaftin ya daina zuwa. In sun haɗu a ɗaurin aure sai dai sannu, sannu. A gari kuwa magana ta zauna cewa tsohon ya yi sakaci, ya kusa kashe amininsa.

Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya. Shi ya nema mini aiki a wani garejin gyaran janareta da rumfar ta watse. Da na tashi na koma Dutsen Abba, na ce wai don in samu iska mai kyau, alhali gudun haɗuwa da shi nake yi, shi ya fara zuwa ganin gida, ya hau kujera ya gyara mini fankar ɗaki. Shi ya ba da auren 'yata. Duk sallar layya cinyar ragonsa tana zuwa gidana.

Abu ɗaya ya canza. Bai sake ce mini "ka auna?" ba. Yana tambayar jikokinsa in sun ce sun cika buta. Yana tambayar mai shayi. Yana tambayar maƙwabcinsa Ibo sau goma a yini. Ni kuwa ko me na faɗa, sai ya ce, "To, madalla." Na sha shirya magana don kawai ya tambaye ni. Nakan ce masa rijiyar gidana ta kai gaba goma sha biyu, ko buhun nan ya fi wancan nauyi, in yi shiru ina jira. To, madalla. Da ya zage ni a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi.

Sati biyu kafin rasuwarsa na je duba shi da rana. Yana kwance a zaure ƙarƙashin farfelar nan, ya rame, fensirin yana nan a bayan kunne. Inna ta miƙo mini kwalbar maganin tari da ɗan kofin awo ta koma ciki. Na zuba a hankali, na ɗaga kofin saitin haske na duba layin, na rage kaɗan, na sake dubawa. Yana kallona. Na ga leɓensa ya motsa. Na ce a raina, yau zai tambaya, in ya tambaya zan faɗa masa duka. Ya karɓa ya shanye, ya ce Allah ya yi mini albarka. Mu biyu ne kaɗai a zauren, ba abin da ya hana ni buɗe baki sai halina. Na zauna muka yi hirar tsadar taki, na yi masa sallama na tafi. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Kwana ɗaya bayan jana'iza na shiga wajen Inna. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, mata sun fita alwala. Na durƙusa na fara magana, ban kai tsakiya ba ta ɗaga mini hannu. Ta ce tun ranar da jirgin ya faɗi ya sani. Ya dawo gida ya ce mata ya je ya duba sikelin, ya tarar da yanar gizo-gizo a jikinsu yadda ya bar su. Ya ce in ya faɗi sunana, ƙanwarsa, mahaifiyata, ba za ta sake ɗaga kai a dangi ba, ni kuma ba wanda zai sake ba ni sifana in riƙe. Ya ce shi ma da nasa laifin, tun da ya tambayi baki bai tambayi sikeli ba.

"Shi ya daɗe da yafe maka," in ji ta. "Ni ce ban yafe ba. Shekara nawa ina kallonsa yana wucewa ana nuna shi da baki, kai kana cin cinyar ragonsa."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ita ta karye a ƙafa ba, kuma ba a ɗaka aka ɓata masa suna ba. In da gaske nake, in fita waje.

Ranar sadakar uku da safe, bayan an shafa addu'a, kafin a fara rabon waina, na matsa gaban Kyaftin na durƙusa, na faɗi maganar da zan kawo a ƙarshen takardar nan. Abin da ya biyo baya gajere ne. Maƙwabcin nan Ibo ya dafe kai da hannu biyu. Kyaftin ya daɗe yana kallon sandarsa, sannan ya ce a kai shi maƙabarta, yanzu, shi ma yana da wanda zai nema wa gafara ya nemi tasa. Ni na raka shi na nuna masa kabarin. Har yau bai ce ya yafe mini ba. Ya ce in ba shi lokaci, kuma ban ga laifinsa ba. Inna ta aiko mini da fensirin, ba tare da wani saƙo ba.

Mutanen da suka ji ni a ƙofar gidan ba su fi cikin tabarma huɗu ba, waɗanda suka ji waccan maganar kuwa sun cika gari. Shi ya sa na rubuta wannan. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa a auna masa da sikelin rahama. Ga abin da na faɗa a ranar, yadda na faɗe shi:

"Kyaftin, shekaranjiya ka ce ka yafe wa Kawu. Ka mayar da yafiyarka, ba ya buƙatarta, bai yi maka komai ba. Ni na zo gidanka na ɓata shi. Ni na rubuta lambobin nan daga kaina. Ya tambaye ni ko na auna, na dubi idonsa na ce na auna. Ban auna ba. Ƙafarka a wuyana take, aikinsa da sunansa ma a wuyana suke. Ka yafe mini in za ka iya. Jama'a, ku ma ku yafe mini, na bar ku kuna zargin mutumin kirki. Shi kuwa na makara, ba zai ji ni ba. Amma ku da kuke ji, ku shaida: Kawu, ban auna ba. Ka yi haƙuri."